Ni Da Naruto Da Yaron Gidanmu

Kwana biyu kun ji ni shiru, to a yi mini afuwa, hidimomin kasuwa ne suka sha mini kai. Yau ba maganar goro ko ta canji na zo da ita ba, ba kuma ta siyasar unguwa ba. Maganar katun ce. E, katun. Na san wani zai ce ai kuwa mutumin nan ya fara zarewa, da furfurarsa zai zauna yana yi mana sharhi a kan wasan yara. A dai saurare ni tukuna.

Abin da ya jawo zancen shi ne, ran nan muna zaune a majalisarmu nan Sabo ta Ibadan bayan isha'i, sai wani abokina ya shiga kumfar baki, wai ya ƙwace wayar ɗansa don ya kama shi yana karanta "littafin aljanun Japan" har ƙarfe ɗaya na dare. Kowa ya ce ya yi daidai. Ni dai na yi gum da bakina, don abin da ya yi na riga shi yi wajen wata takwas da suka wuce, kuma abin da ya biyo baya ba zai faɗu a majalisa ba sai an yi mini dariya.

Yaron wajena, na farin (kun san ba a kama suna), shekararsa 14. Sakamakon jarrabawarsa ya yi ƙasa, na bincika na gano dare yake rabawa yana karatun waɗannan labaran zane da suke kira manga. Na karɓe wayar. Da na kwanta sai na ce bari in ga mene ne wannan abu da ya fi barci daɗi. Na buɗe, na karanta shafi biyu, ban fahimci komai ba, amsa tana zuwa kafin tambaya. Can sai na lura ashe daga dama ake farawa a yi hagu, kamar dai yadda muka koya a allo. Da na juya idona irin na ajami sai labari ya miƙe. Mai karatu, in taƙaice maka, ni ma ɗin sai da na kai ƙarfe ɗaya.

Tun daga ranar nake bin abin nan a hankali, wani a wayarsa, wani a tawa. Kuma ra'ayin da na tsaya a kai shi ne: a cikin waɗannan littattafai akwai wani abu da yaranmu ke nema wanda ba mu ba su, wato su ga yadda yaro ke zama mutum, taki bayan taki, da faɗuwarsa da kunyarsa da komai. Amma ba duka ne suka iya nuna hakan ba, kuma wanda ya fi suna a cikinsu shi ne ya fi ba ni haushi. Zan zo kan wannan.

Da farko ya kamata a san yadda ake yin su, don a nan sirrin yake. Yawancin waɗanda yaranmu suka sani daga mujalla guda suka fito, Weekly Shonen Jump, ta kamfanin Shueisha da ke Tokyo, wadda ake bugawa tun 1968. Kowane mako mai zane zai kawo babi ɗaya, shafi goma sha tara ko kusa da haka, masu karatu kuma su aika da katin zaɓe su faɗi labaran da suka fi so. Wanda ya daɗe a ƙasa sai a datse shi, ko da bai kai ƙarshe ba. A 1995 mujallar nan ta kai kwafi miliyan 6.53 a fitowa guda. An san ta da kalmomi uku da take gina labaranta a kansu: abota, ƙoƙari, nasara.

To ka ga labarin da ya tsira daga wannan sikeli yakan yi shekara da shekaru. Naruto na Masashi Kishimoto ya fara a 1999 ya ƙare a 2014, babi 700, kundi 72. Yaron da ya fara karantawa yana ɗan shekara 12, daidai shekarun Naruto a farkon labarin, sai da ya kai 27 kafin ya ga ƙarshe. Tare suka girma ke nan. Mu kuwa da muka tashi da finafinan Indiya mun san yadda ake girma a can: yaro ya sato burodi ya ruga, kyamara ta bi ƙafafunsa, kafin ka ƙifta ido ƙafafun sun zama na Amitabh. A finafinanmu na gida ma sai a rubuta "bayan shekara ashirin" a manna wa jarumi gemu. Waɗannan shekaru ashirin da ake tsallakewa, su ne Japanawa suka zauna suka zana.

Babin farko na Naruto shi ya kama ni. Maraya ne a wani gari na mayaƙan ninja, an ɗaure wani dodo mai siffar yanyawa da wutsiya tara a cikin jikinsa tun yana jinjiri, dodon da ya hallaka mutanen garin da yawa. Shi bai sani ba. Abin da ya sani kawai shi ne manya suna kallonsa da wani irin ido, suna janye 'ya'yansu daga kusa da shi. Sai ya zama taƙadari, mai ɓata gumakan shugabanni da fenti, don dai a kalle shi ko da da zagi ne. Sau uku yana faɗuwa jarrabawar fita makaranta. Wanda ya fara ɗaukarsa a matsayin mutum shi ne malaminsa Iruka, wanda dodon nan ne ya kashe masa iyaye. Mutumin da ya fi kowa hujjar ƙinsa, shi ya tare masa makami da bayansa.

Da na kai nan sai na ajiye wayar na yi shiru. Don na san wannan kallo, kuma na san ɗana ya san shi. A nan aka haife shi, Yarbanci a bakinsa ya fi na wasu Yarbawan, amma a makaranta "Mola" ne ko "Aboki", kuma duk ranar da wani abu ya faru a Arewa aka nuna a talabijin, shi ake juyowa a kalla kamar shi ya aika. In kuma muka je gida da sallah, 'yan uwansa su yi ta kwaikwayon Hausarsa suna ce masa ɗan Kurmi. An kafa Sabo tun 1916, amma har yau yaron da kakansa ma a nan aka binne cibiyarsa baƙo ne. Ban taɓa zama na yi wannan magana da shi ba, wallahi ban ma san ta inda zan fara ba. Ashe wani Bajapane ya riga ni.

Yanzu ga inda muka ɓata da Kishimoto. A farkon labarin ya yi wa yara alkawari babba. Ya kawo wani yaro, Neji, haziƙi, wanda aka haifa a reshen gidansu da aka yi domin ya yi wa babban reshe hidima, har da tambari a goshi. Neji ya yi imani cewa kowa da matsayin da aka haife shi a kai, na ƙasa ba ya hawa. Naruto, wanda ake ganin shi ne kurar baya a aji, ya kayar da shi a gaban jama'a, aka nuna wa yara cewa asali ba shi ke yanke wa mutum hukunci ba. Ya kawo Rock Lee, wanda ba shi da baiwar komai sai motsa jiki dare da rana. Madalla. Sai tafiya ta yi nisa, sai ga shi ashe Naruto ɗan shugaban garin ne na huɗu, uwarsa kuma daga wani babban gida mai ƙarfi na musamman, daga baya ma aka ce shi magajin wani ne daga cikin 'ya'yan wanda ya kafa harkar gaba ɗaya. Rock Lee aka tura shi gefe. Neji kuwa ya mutu yana kare Naruto da 'yar babban reshen gidansu, wato dai aikin da aka haife shi domin shi. To ashe Neji ne mai gaskiya ke nan? Ka tara yaran talakawa ka ce musu ƙoƙari ne, sannan a ƙarshe ka fito da takardar gado?

Na faɗa wa yaron haka, bayan na mayar masa da wayarsa bisa sharaɗi. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Baba, ai lokacin da yake shan wahalar bai san ɗan wane ne shi ba. Kuma sanin bai dawo masa da kowa ba." Na ce to, wannan ma magana ce. Ban sallama gaba ɗaya ba, amma na rage murya. Kuma in za a yi adalci, akwai wuri guda da Naruto ya girma da gaske, ba da gado ba. Bayan an kashe malaminsa Jiraiya, an ragargaza garinsu, ya je ya tsaya gaban wanda ya yi wannan aika-aika, mutumin ya riga ya raunana, kashe shi ba wuya. Ya saurari labarinsa, ya haɗiye abin da ke ransa, ya ƙi ɗaukar fansa. Yaron da ke shafa fenti don a kalle shi ba zai iya wannan ba. A nan na ga shekarun da suka wuce a kansa.

Abin da nake so iyaye da yaran su rarrabe ke nan, domin masu zanen da kansu sukan cakuɗa su: ƙarin ƙarfi daban, girma daban. Ɗauki Dragon Ball na marigayi Akira Toriyama, wanda ya rasu a 2024. An yi shi daga 1984 zuwa 1995, kuma da yawanmu mun ga katun ɗinsa a faifan sidi. Goku ya tashi daga yaro mai wutsiya ya yi aure ya haihu har ya yi jika, gashinsa ya canza launi, ƙarfinsa ya kai na fasa duniya. Amma halinsa na ranar farko shi ne na ranar ƙarshe: ci da faɗa. Waɗanda suka sauya a labarin su ne abokan gabarsa, Piccolo da ya koyi tausayi a wajen renon ɗan maƙiyinsa, da Vegeta mai girman kai. Ba laifi ba ne, nishaɗi ne, amma kada a kira shi girma. Mu ma muna da irinsa: Iliya Ɗan Maiƙarfi ba motsa jiki ya yi ba, ba shi ƙarfin aka yi.

Wanda ya cika mini ido shi ne Slam Dunk na Takehiko Inoue, 1990 zuwa 1996, kundi 31. Babu aljani, babu tsafi, babu mai tashi sama. Ƙwallon kwando ce ta 'yan sakandare. Jarumin, Sakuragi, ɗan tasha ne mai jan gashi wanda 'yan mata 50 suka ƙi shi, ya shiga ƙungiyar makaranta ba don komai ba sai don ya burge wata yarinya. Bai san dokar wasa ko ɗaya ba, amma kullum yana kiran kansa gwani. Kyaftin ya ajiye shi a gefen fili yana buga ƙwallo a ƙasa, abin da ya ga ƙasƙanci ne. Wasannin farko duk korarsa ake yi saboda yawan laifi.

Sai aka zo wasa da Kainan, zakarun yankinsu. Saura daƙiƙu, ana binsu da ci biyu, Sakuragi ya yi tsalle ya cafke ƙwallo, ya juya ya miƙa wa wanda ya zaci kyaftin ɗinsu ne. Ashe ɗan ɗaya ɓangaren ne. Aka tashi 90 da 88. Wannan ƙaton yaro mai cika baki ya tsaya a tsakiyar fili yana kuka. Bayan nan ya aske kansa ƙwal. Mai karatu, ka lura da abin da ya faru: a da in an yi rashin nasara laifin kowa ne ban da shi, yau ya ɗauki laifi ya ɗora wa kansa, har ya fi ƙarfin laifin. Daga nan ne ya yarda ya zama ɗalibi. Kafin gasar ƙasa kocinsu ya sa shi jifan raga sau 20,000 a mako guda, jifa mafi sauƙi, irin wanda a da yake rainawa. Kuma Inoue bai tsallake wannan mako ba, ya zana shi, da gajiyar da ƙosawar.

A gasar ƙasa suka haɗu da Sannoh, waɗanda ba a taɓa tunanin za a iya kayarwa ba. Sakuragi ya ji ciwo a baya wajen ceto ƙwallo, ya nace ya koma fili. Shafukan ƙarshe na wasan kusan babu magana, zane ne kawai, amma sai ka ji numfashinka na tsayawa. Kuma ƙwallon da ta raba gardama ba wata bajinta ba ce ta karya allo. Wannan jifa ce mai sauƙi da ya maimaita sau 20,000, kuma wanda ya miƙo masa ita shi ne Rukawa, abokin wasan da ya fi tsana a duniya. 79 da 78. To sai me? Sai suka je wasa na gaba a gajiye aka lallasa su, aka fitar da su. Ba su ɗauki kofi ba. Labarin ya rufe da Sakuragi yana jinyar bayansa. Duka abin da aka ba da labari bai fi wata huɗu na rayuwarsa ba, amma sai da aka yi shekara shida ana zana shi. Na so a ce kowane yaro a Sabo da ya faɗi jarrabawa ya ce malami ne ba ya sonsa ya karanta wasan Kainan.

Akwai kuma na manya, wanda ban ba yaron ba tukuna saboda jinin da ke ciki ya yi yawa: Vinland Saga na Makoto Yukimura, da aka fara a 2005 aka kammala a 2025. Labarin mayaƙan arewacin Turai ne wajen shekara dubu da suka wuce. Thorfinn yana ɗan shekara shida aka kashe ubansa a gabansa, sai ya bi rundunar wanda ya kashe shi, yana yi masa aikin kisa, ladansa kawai a ba shi damar fito-na-fito da shi. Haka ya ƙarar da ƙuruciyarsa. Ranar da wani ya riga shi kashe mutumin, sai ya zama fanko, ba shi da sauran dalilin rayuwa. Aka sayar da shi bawa a wata gona a Denmak. Daga nan mai zanen ya yi abin da ya ba masu son faɗa haushi: ya ajiye takubba, ya shafe kundi bayan kundi yana nuna bayi biyu suna sare daji, suna cire kututture, suna shuka alkama, shi kuma Thorfinn yana firgita cikin dare da mafarkin waɗanda ya kashe. A nan ya zama mutum. Har ya kai ga tsayawa a yi masa naushi ɗari bai rama ba, don kawai a bar shi ya ga sarki ya roƙi zaman lafiya. Ya tuna mini da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda shi ma yaro ne da aka raba da uwarsa aka kai wata ƙasa, ya tashi a hannun wasu ya zama malami. Bambancin, Umar tun yana yaro nagari ne, duniya ce ta yi ta jujjuya shi. Thorfinn kuwa sai da ya lalace tukuna, kuma marubucin bai yafe masa da wuri ba.

Kada wani ya ɗauka ina cewa a sakar wa yara waya su yi ta karatu. Abokina na majalisa yana da hujja. A cikin manga akwai shirme, akwai tsiraici, akwai camfe-camfen da suka saɓa wa abin da muka yi imani da shi, kuma akwai waɗanda aka yi domin manya zalla amma zanensu kamar na yara. Su kansu Japanawa sun raba: shonen na samari ne, shojo na 'yan mata, seinen na manya. Uban da bai san wannan ba zai ga zane ya ce ai katun ne. Sannan raba dare gaskiya ne, na gani a sakamakon ɗana. Amma ƙwace waya ka kulle a durowa ba ya cire labarin daga kan yaro, zai karanta a wayar abokinsa, sai dai kai ka fita daga cikin hirar. Mu da muka ɓoye littattafan soyayya na kasuwar Kano a cikin littafin lissafi, mun fi kowa sanin haka.

Abin da ya fi damuna ma ba abin da ke cikin littattafan ba ne. Kowane ɗaya daga cikin yaran nan na zane yana da wani babba da ya tsaya a kansa: Naruto da Iruka da Jiraiya, Sakuragi da tsohon kocinsa mai tumbi da haƙuri. Ba iyayensu ba ne, mutane ne da suka ga yaro fitinanne suka ce akwai abu a cikinsa. Mu ma da haka muka tashi a zango. Yaro ya sauka daga mota ba shi da kowa, maigida ya karɓe shi, ya ba shi wurin kwana, ya koya masa ɗaurin goro da lissafi da yadda ake magana da mutane, in ya yi shekaru ya ba shi jari har ya yi masa aure. Ni kaina haka aka yi mini. Yanzu fa? Ni ina da yara uku a shago, kuma in na faɗi gaskiya ban san abin da ke damun ko ɗaya daga cikinsu ba, na dai san wanda ke makara.

Sharaɗin da muka yi da yaron shi ne babu waya bayan ƙarfe goma, kuma duk abin da zai fara karantawa sai na ga kundin farko. Shi ma ya kafa mini nasa, wai kada in ƙara tambayarsa ƙarshen labari tun ban kai ba. A makon jiya ya kawo mini wani gajere, kundi 7 kacal, A Silent Voice na wata mai zane Yoshitoki Oima. Labarin yaro ne da ya addabi wata kurma a ajinsu na firamare har ta bar makarantar, sai abokansa suka juya masa baya shi ma, ya girma ba ya iya kallon fuskar mutane, ya je ya koyi maganar hannu don ya nemi gafararta. Na tambaye shi me ya sa wannan. Ya sunkuyar da kai ya ce akwai wani yaro mai in'ina a ajinsu, ɗan Ibo, kuma shi ma yana cikin masu kwaikwayonsa. Ban ce masa komai ba. Ina kundi na uku yanzu, shi kuma ya ce ranar Litinin zai koma kusa da yaron ya zauna.